Ɗan Lydia da Jirgin Planter

A garin Beaufort, cikin tsibiran da ke gaɓar tekun jihar Karolina ta Kudu a Amurka, an yi wata baiwa mai suna Lydia Polite wadda damuwarta ta sha bamban da ta sauran iyaye mata bayi. Su suna kukan ana gallaza wa 'ya'yansu, ita kuwa tsoronta shi ne an cika shagwaɓa nata. Ɗanta Robert, wanda ta haifa ran 5 ga Afrilun 1839 a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidan iyayengijinta, ya tashi ɗan lele a wurin iyalin McKee. Yana shiga inda sauran 'ya'yan bayi ba su isa su leƙa ba, ana yi masa fara'a, ana sakar masa fuska.

Lydia kuwa a gandu ta fara rayuwa kafin a kawo ta aikin cikin gida, don haka ta san abin da fara'ar ubangiji ke rufewa. Sai ta nemi a tura yaron gandu ya ɗan zauna, ya ga yadda 'yan'uwansa ke duƙe a gonakin auduga tun asuba, ya kwana inda suke kwana, ya ci abin da suke ci. Ba ta tsaya nan ba, ta sa ya je inda ake ɗaure bayi ana zane su da bulala a cikin gari, ya gani da idonsa. Wani zai ce wannan rashin tausayi ne ga ƙaramin yaro. Ni a ganina babu gatan da ya kai wannan. Ta ƙi yarda ɗanta ya girma yana ɗaukar sassaucin da aka yi masa shi kaɗai a matsayin adalci.

Ƙasar da ya buɗe ido a cikinta ƙasa ce da aka gina da gumin baƙar fata. Ta tashar Charleston aka shigo da kusan kashi 40 cikin ɗari na 'yan Afirkan da aka kawo Amurka ta Arewa cikin sarƙa, da yawansu daga gaɓar Afirka ta Yamma inda aka iya noman shinkafa, kuma da iliminsu aka mai da fadamun yankin dukiya. A 1860 bayi sun fi 'ya'ya yawa a jihar. Shi ya sa da aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa, Karolina ta Kudu ce ta fara ɓallewa daga tarayya ran 20 ga Disamban 1860, kuma a bakin tekun Charleston, a ganuwar Sumter, aka harba igwar farko ta yaƙin basasa ran 12 ga Afrilun 1861.

Kafin nan Robert Smalls ya zama mutumin ruwa. Yana ɗan shekara 12 aka tura shi Charleston yana aiki yana biyan murgu: ladan ya tafi aljihun ubangiji, a bar masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya yi hidimar masu cin abinci a otal, ya yi aikin kunna fitilun titi, sannan ya gangara bakin ruwa ya yi dako, ya koyi ɗinkin filafilan jirgi da ɗaurin igiyoyi, har ya kai ga riƙe sitiyari. Ya san mashigin Charleston ciki da bai, inda yashi ya taru, inda ruwa ke da zurfi, da lokacin da teku ke cika da lokacin da take janyewa. Aikin matuƙi yake yi, amma Turawa ba sa kiran bawa da wannan suna.

Ya auri Hannah Jones, ita ma baiwa, mai aikin otal, suka sami 'ya'ya. Ya je wurin ubangijinta ya tambayi kuɗin fansarta da 'ya'yan, aka yanka masa dala 800. Abin da ya tara bai wuce 100 ba. Kullum ya kwanta ya san ana iya wayar gari a sayar da matarsa gabas, 'ya'yansa yamma, kuma babu alƙalin da zai saurare shi.

Da yaƙi ya ɓarke aka sa shi a wani jirgin tururi mai suna Planter, wanda sojojin 'yan aware suka ɗauka haya yana kai musu makamai da saƙonni, har da dasa nakiyoyi a ruwa. Daga kan jirgin yana hango jiragen yaƙin tarayya da suka yi wa tashar ƙawanya, mil bakwai kacal a tsakani. Ya yi shiru yana lura. Ya haddace yadda ake busa usur a gaban kowace ganuwa, ya haddace tsayuwar kyaftin ɗin jirgin, Relyea, da yadda yake harɗe hannuwa a ƙarƙashin faffaɗar malafarsa.

Daren 12 ga Mayun 1862 hafsoshin jirgin farare su uku suka saɓa doka suka tafi kwana a gari, suka bar bayi da jirgi, da igwogi huɗu da aka loda don kai wa wata ganuwa. Raini ne ya sa suka yi haka, don bai taɓa zuwa musu a rai ba cewa waɗannan mutane za su iya ƙulla wani abu. Wajen ƙarfe uku na dare aka hura wutar tukunya. Smalls ya sa rigar kyaftin, ya ɗora malafa. Suka tsaya a wani mashigi suka ɗauki mata da yara da ke ɓoye suna jira. Su goma sha shida ne, kuma sun riga sun yi alkawari a tsakaninsu cewa in aka rutsa da su, gara su hallaka da jirgin da a kama su da rai.

Bai yi gudu ba, domin gudu shi zai tona su. Ya bi hanyar da aka saba bi, da tafiyar da aka saba yi, tutar 'yan aware tana kaɗawa a sama. Da suka zo daf da ganuwar Sumter, inda igwa ɗaya ta isa ta watsa su, gari ya fara haske. Ya tsaya a tagar ɗakin tuƙi, hannuwa a harɗe, fuska a inuwar malafa, ya ja igiyar usur: dogo, dogo, gajere. Mai gadi ya ba su hanya. Sai da suka wuce inda harsashi zai kai sannan ya saki jirgin da iyakar ƙarfinsa ya miƙe teku, aka sauke tutar 'yan aware aka ɗaga farin zanen gado da Hannah ta taho da shi. Jirgin tarayya mai suna Onward ya riga ya saita igwa zai harba, wani ya hango farin ƙyalle cikin hazo.

Abin da ya kawo ya fi jirgi. Ya zo da littafin alamomin sirri na abokan gaba, da sanin duk inda aka dasa nakiya, tun da har da hannunsa aka dasa. Yana da shekara 23. A watan Agusta ya je Washinton ya gana da Lincoln da sakataren yaƙi Edwin Stanton, aka kuma ba da izinin ɗaukar baƙaƙe har 5,000 aikin soja a yankin Port Royal da ke kusa da Beaufort. Cikin baƙaƙen da suka sa kaki suka zo waɗannan tsibirai daga baya har da wani ɗan Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, a runduna ta 55 ta Massachusetts. A Disamban 1863, da ruwan wuta ya tsananta har kyaftin farar fata ya bar ɗakin tuƙi ya ɓuya, Smalls ya karɓi Planter ya fitar da shi, aka kuwa naɗa shi kyaftin ɗinsa.

Masu gandun Beaufort sun tsere tun Nuwamban 1861 da sojojin tarayya suka ci yankin, gwamnati kuma ta yi gwanjon gidajensu saboda bashin haraji. Smalls ya sayi gidan nan da aka haife shi a bayansa. Wanda ya mallaki gidan kafin yaƙi ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, bai yi nasara ba. Lydia ta shiga ta ƙofar gaba ta zauna a gidan ɗanta.

Bayan yaƙi duniya ta juya wa iyalin McKee baya. Zuriyar Smalls sun riƙe labarin yadda uwargida Jane McKee, ta tsufa, hankalinta ya fara gushewa, ta dawo gidan tana ɗaukarsa nata ne har yanzu. Da ya so, da kalma ɗaya ta isa. Mutane kan ce rama cuta ga macuci ibada ne, kuma babu wanda zai zarge shi in ya rufe mata ƙofa. Sai ya sa aka gyara mata ɗakinta na da, aka ci gaba da kula da ita a gidan.

Kada mai karatu ya ɗauka mutumin ya yi laushi ne, ko bautar ce ba ta fita daga jininsa ba. A 1864 a Filadalfiya aka ce ya bar wa farar fata kujera a karusar haya ya koma waje, ya gwammace ya sauka, abin ya tada ƙurar da ta kai ga soke wariya a karusan a 1867. A taron tsarin mulkin jiharsa na 1868 ya tsaya kai da fata sai an kafa makarantun gwamnati kyauta ga kowane yaro, shi da doka ta hana shi koyon karatu yana ƙarami. An zaɓe shi Majalisar Wakilan Amurka sau biyar. Tsohuwar da ba ta da sauran ƙarfi ya tausaya mata. Masu ƙarfin da ke neman mai da mutanensa ƙangi bai taɓa sunkuyar musu da kai ba, kuma wannan bambancewar ita ce abin da na fi girmamawa a rayuwarsa, fiye da daren jirgin ma.

Masu ƙarfin sun dawo kuwa. Da gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga jihar a 1877, aka koma tsoratar da baƙaƙe da bindiga da maguɗin zaɓe. Shi kansa an yanke masa hukunci kan zargin cin hanci a shari'ar da siyasa ta yi wa katutu, daga baya aka yafe masa. A 1895 wani ɗan siyasa farar fata mai suna Ben Tillman ya jagoranci sabon taron tsarin mulki da niyyar ƙwace ƙuri'ar baƙar fata. Wakilai baƙaƙe shida ne kawai a zauren, Smalls na cikinsu. Ya san an riga an gama ƙirga hannaye, amma ya miƙe ya faɗi gaskiya, ya kuma ƙi sa hannu a takardar.

A 1913, yana tsoho ɗan shekara 74, yana ƙarshen aikinsa na shugaban kwastan na Beaufort, aka tsare wasu baƙaƙe biyu bisa zargin kashe wani farar fata, 'yan ɗaukar doka a hannu suka yi gangami za su fito da su su rataye. Smalls ya je wurin magajin gari ya shaida masa cewa ya baza mutanensa a ko'ina cikin gari, in aka taɓa waɗannan biyun ba tare da shari'a ba, to Beaufort za ta ci wuta. Magajin gari da shugaban 'yan doka suka tare gangamin, mutanen biyu suka tsira daga igiya.

Ya rasu ran 23 ga Fabrairun 1915, aka binne shi a harabar cocin Tabernacle a Beaufort. Tsarin mulkin da ya ƙi sa wa hannu ya yi aikin da aka ƙulla shi dominsa: daga 1897 Karolina ta Kudu ba ta sake tura baƙar fata Majalisar Wakilai ba sai a 1993.