Burgar 'Yan Karta da Burgar 'Yan Kasuwa

Ran Talata bayan isha'i na tarar da wani yaron unguwarmu nan Sabo a bakin masallaci, ido a kan waya. Karta yake bugawa, wadda suke kira foka, da mutanen da bai taɓa gani ba. Kowa a ba shi kati 2 a ɓoye, a buɗe 5 a tsakiya, ana ta zuba kuɗi. Ya ce, "Baba Liman, ai ba kati ke ci ba, zuciya ce. Ko hannuna babu komai sai in ƙara kuɗi da ƙarfi, su tsorata su janye, in kwashe."

Hukuncin kuɗin ba shi da wuya. Caca ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta hana, kuma ba ta ware naira 200 daga miliyan ba. Ban da haka, masu manhajar suna yankar kasonsu a kusan kowane zagaye, ko wa ya ci. Shi ma da bakinsa ya ce a ƙaramin teburi burga ba ta cika aiki ba, don wanda ya sa kuɗin shayi ba ya tsoron ya bi ka har ƙarshe.

Amsarsa ce ta hana ni barci. Wai burga ba ƙarya ba ce, tunda duk wanda ya zauna ya san za a yaudare shi, kuma ya yarda. Sannan ya ce, "Ku ma ai haka kuke yi a kasuwa." To fa.

Shekara 30 ina sayar da goro. Sau nawa aka taya na ce albarka, alhali a raina na riga na sallama? Mai saye shi ma ya juya kamar zai tafi, ƙafarsa na jiran in kira shi. Wannan duka mun san wasan, ni dai ban ga laifi a ciki ba, don ban faɗi abin da ba haka ba; na rufe cikina ne kawai. Amma ran da na ce "wallahi ko uwar kuɗi bai kai ba" alhali ya wuce fa? Ko ɗan kamasho da ke taya kaya ba don ya saya ba, sai don farashi ya hau? Shi ne najashi, Annabi (SAW) ya hana shi, kuma ba mu rasa shi a kasuwanninmu.

Bambancin da nake gani shi ne, idan ciniki ya faɗa, shi ya tafi da goro, ni na riƙe kuɗi. A karta kuwa abin da yaron nan ya kwashe daga aljihun wani ya fito, ba a ba shi komai ba sai tsoro. Yardarsa ma ba don a cuce shi ya bayar ba, fata yake shi ya cuci wasu.

Na ce ya goge manhajar, ya ce zai duba. Maganar rantsuwar kasuwa kuwa ban ba shi amsa ba, na dai ce dare ya yi.