Kira ga Jama'ar Utako: A Horar da Kunnen Yaro Kafin a Ba Shi Littafi

A unguwar Utako ta Abuja, inda Hausa da Gbagyi da Ibo da Yarbanci da Ingilishi suke cakuɗuwa a kasuwa da tashar mota, iyaye da yawa suna auna ci gaban ɗansu da yadda yake rera haruffan boko tun yana ɗan shekara uku, alhali rera sunan harafi daban yake da jin sautin da harafin yake wakilta. Abin da masana ke kira tantance sautukan kalma, wato yaro ya gane da kunnensa cewa kalma tana rabuwa gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa kuma ta ƙunshi baƙi da wasali, shi ne harsashin da karatu ke zama a kansa, kuma ana gina shi ne da baki da kunne tun kafin a riƙe alƙalami.

Binciken da Lynette Bradley da Peter Bryant suka wallafa a Ingila a 1983 ya nuna cewa yaran da suka iya gane kalmomi masu amsa-amo ɗaya, ko masu farawa da sauti ɗaya, sun fi saurin ƙwarewa a karatu daga baya, sannan kwamitin nazarin karatu na Amurka ya sanya tantance sautukan kalma cikin ginshiƙan koyar da karatu a rahotonsa na 2000. Bahaushe kuwa ba baƙo ba ne a wannan fage, domin makarantar allo ta daɗe tana fara wa ɗalibi da babbaƙu, sannan farfaru, kafin a sake shi ya haɗa kalma da kansa. Haka nan zaurance, wanda yara ke yi ta hanyar juya gaɓoɓin kalma ko cusa wata gaɓa a tsakiya, horo ne na gaske ga kunne, ko da yake manya sukan ɗauke shi shiririta. Abin takaici ne a ce irin waɗannan wasanni, tare da waƙoƙin reno da tatsuniyar dare, suna janyewa daga gidajen birni, inda uwa da uba ke fita da sassafe su dawo a gajiye, a bar yaro da wayar hannu wadda ba ta sauraronsa balle ta gyara masa furuci.

Yaron da ya ji bambancin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ya riga ya koyi sauraron ƙwayar sauti, kuma wannan ƙwarewa tana bin sa zuwa Ingilishi. Saboda haka kuskure ne babba a hana shi harshen gida da sunan kare masa Turanci. Shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a makarantun firamare na Bauchi da Sakkwato, ya fara koyar da karatu ne da Hausa bisa wannan fahimta.

Wajibi ne iyaye su ware ɗan lokaci kullum, ko a hanyar makaranta ne, su tafa gaɓoɓin sunan yaro tare da shi, su tambaye shi sautin da kalma ta fara da shi, su yi haƙuri har ya amsa. Masu makarantun raino su daina tilasta wa ƙanana kwafar rubutun da ba su san sautinsa ba, limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwar Utako kuma su isar da wannan kira ga jama'arsu a masallatai da wuraren taro.