Kishi Kumallon Mata: Ina Iyakarsa?

  

Yau za mu taɓo abin da kowace matar aure ta san ɗacinsa, wato kishi. Hausawa na cewa kishi kumallon mata, in ya motsa sai an haras. To 'yar uwa, in ya motsa miki, a kan wa za ki haras da shi?

Da farko ki sani, jin kishi a zuciya halitta ce, ko iyayenmu matan Annabi (SAW) ba su kuɓuta ba. Nana A'isha (RA) da bakinta ta ce ba ta yi kishi da wata mace kamar Nana Khadija (RA) ba, alhali ko zama ba su yi tare ba, don Khadija ta rasu tun a Makka kafin Hijira. Dalili kuwa, Annabi (SAW) yana yawan ambatonta, in ya yi yanka har yakan aika wa ƙawayenta da nama.

Imamul Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa wata rana Annabi (SAW) yana ɗakin ɗaya daga cikin matansa, sai wata matar tasa ta aiko da abinci a akushi. Mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aiken, akushi ya faɗi ya fashe. Annabi (SAW) ya tattara abincin da hannunsa, ya gaya wa waɗanda ke wurin cewa uwarsu ce kishi ya motsa mata. Sannan ya tsayar da ɗan aiken har aka kawo lafiyayyen akushi daga ɗakin wadda ta fasa, aka mayar wa mai shi. Kin gani ko? Bai tozarta ta ba, amma bai bar haƙƙin abokiyar zamanta ya tafi a banza ba. An yi wa zuciya uzuri, hannu kuwa sai da ya biya.

Dubi kuma Nana Zainab bint Jahsh (RA), wadda ita ce ke gogayya da A'isha a wurin Annabi (SAW). Da munafukai suka yi wa A'isha ƙazafi, tun kafin ayoyin Suratun Nur su sauko su wanke ta, Annabi (SAW) ya tambayi Zainab abin da ta sani. Ga dama ta samu, amma ta ce ita alheri kawai ta sani game da ita. A'isha kanta ta shaida cewa tsoron Allah ne ya tsare Zainab.

Mu fa? Wata saboda kishi ta kai kuɗin cefanenta wurin boka ta sayar da imaninta. Wata ta hana ɗan kishiya tuwo. Wata ta ɓata sunan 'yar uwarta a gidan biki. Wata ma har ruwan zafi, ta ƙare a gidan yari, 'ya'yanta suna gararamba. Miji dai yana nan, ita ce ta yi asara.

Saboda haka in kin ji ya taso, ki nemi tsari daga Shaiɗan, ki kama bakinki, in kina tsaye ki zauna, ki yi alwala. In an tauye miki kwana ko ciyarwa, haƙƙinki ne, ki faɗa wa maigida cikin natsuwa. In ya ƙi ji, a kira magabata daga danginki da nasa, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta koyar. In kuma kin riga kin fasa akushin wata, da hannu ko da harshe, ki je ki biya tun kuna raye, kafin ranar da ladanki za a ɗiba a biya ta.

Allah Ya sanyaya mana zukatanmu, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.