Littafin da Ke Kan Tebur

Akwai wata tambaya da ba ta cikin jerin gaisuwarmu, amma takan biyo bayan gaisuwa idan zumunci ya yi ƙarfi. Bayan an tambayi gida, an tambayi aiki, an tambayi ruwa ko sanyi, sai mutum ya hangi littafi kusa da kai, ko ya ga igiyar waya a kunnenka, ya ce, "Me ake karantawa?" ko kuwa "Me ake saurare?" Ba a ɗaukar tambayar da nauyi, amsarta ma haka. Ni kuwa na taɓa amsa ta da ƙarya, kuma wani ne ya ɗauki nauyin ƙaryar, ba ni ba. Shi ya sa nake so mu zauna a kanta kaɗan.

A daminar 2020 ne. Akwai wani saurayi a ikkilisiyarmu da ke noman shinkafa a fadamar Gulma, yakan hawo babur ya zo sujada Argungu ran Lahadi. Ya gama sakandare, yana karanta Turanci daidai gwargwado, yana kuma da ƙishirwar sani irin wadda kowane mai kiwon ikkilisiya yake addu'ar gani a matasa. Wata Lahadi bayan an tashi ya biyo ni gida. Muna zaune sai idonsa ya faɗa kan wani littafi mai bango mai sheƙi da ke kan teburina. Ya ce, "Baba Fasto, shi ake karantawa yanzu?" Na ce masa i. Na ƙara da cewa littafi ne mai kyau ƙwarai, ya ɗauka ya karanta.

Gaskiyar magana ita ce wani baƙo ne ya ba ni littafin kyauta, na karanta gabatarwa da shafi kamar goma, na ajiye. Wata huɗu ke nan ban karanta komai ba sai ayoyin da zan yi wa'azi a kansu. Da dare kuwa, abin da nake saurare a waya har barci ya kwashe ni shi ne wani mutum yana karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, labarun akun nan da na fara ji tun ina firamare. Kunya ce ta hana ni faɗa. Na ga kamar bai dace mutumin da ya yi makarantar tauhidi, ga furfura, ya gaya wa ɗan cikinsa cewa aku ne abokin hirarsa na dare ba.

Ka san abin da ya faru a ƙarshen Agusta da watan Satumba na shekarar 2020. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shanye gonakin shinkafa daga Argungu zuwa Birnin Kebbi har ƙasa. Gonar saurayin nan tana ciki, da bashin iri da na taki a kansa. Ya daina zuwa sujada. Na ɗauka hanya ce ta lalace, sai da ruwa ya janye na je Gulma na same shi zaune a ƙofar gida. Bayan mun gaisa na yi masa jaje, na tambaye shi dalilin da ba mu ganinsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai littafinka ya faɗa." Ashe can tsakiyar littafin, inda ban taɓa kaiwa ba, marubucin ya koyar da cewa hasara ba ta samun mai bi wanda bangaskiyarsa da baikonsa suka cika, duk wanda kuma ta same shi, to, ya bincika kansa. Yaron ya bincika kansa wata biyu, ya yanke wa kansa hukunci cewa Allah ya juya masa baya.

Kalmar da ta tsaya mini a rai ita ce "littafinka". Ban rubuta shi ba, ban ma karanta shi ba. Amma a wurin yaron nawa ne, domin daga hannuna ya karɓe shi, da bakina kuma aka yabe shi. Kuma yana da gaskiya.

Mukan ɗauka cewa dokar da ta hana shaidar zur maganar kotu ce, ta alƙali da mai ƙara. Amma duk lokacin da ka ce wa ɗan'uwanka, "Ga abin da nake karantawa, yana da kyau," ka tsaya a matsayin mai shaida. Kana cewa ka bi hanyar nan, ka ga inda ta nufa, shi ma ya bi ba tare da tsoro ba. Masunci a Argungu ba zai nuna wa baƙo mashigin da bai taɓa sa ƙafarsa a ciki ba, ya ce masa ruwan bai wuce gwiwa ba. In ya yi haka baƙon ya nutse, ba wanda zai ce laifin gulbi ne. To, me ya sa muke yi wa littafi abin da ba ma yarda a yi wa ruwa?

A makarantar tauhidi an karantar da mu labarin Agustin, mutumin Afirka ta Arewa, wanda aka haifa a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Shi da kansa ya ba da labarin tubansa a littafin da ya yi na furta zunubansa. A shekara ta 386 yana zaune a birnin Milan na Italiya, malamin koyar da iya magana, zuciyarsa a rabe biyu. Sai wani ɗan ƙasarsu, ma'aikacin fadar sarki mai suna Fontishiyanus, ya kawo masa ziyara. Baƙon ya ga littafi a kan teburin wasa, ya ɗauka yana tsammanin ɗaya daga littattafan sana'ar mai gidan ne, sai ya tarar wasiƙun Manzo Bulus ne. Ya yi murna, shi ma ya buɗe bakinsa ya ba da labarin wani littafi, tarihin Antoni mai ibada na hamadar Masar, da yadda wasu abokan aikinsa biyu suka ci karo da shi a birnin Tiriya, suka karanta, suka bar aikin fada. Bayan tafiyar baƙon ne Agustin ya fita lambu yana kuka, a ranar kuma ya ba da kansa ga Ubangiji.

Shekaru da yawa ina ba da labarin nan a wa'azi, amma sai bayan na dawo daga Gulma na lura da wani ƙaramin abu a cikinsa. Littafin da ke kan teburin Agustin ba ado ba ne. Ya gaya wa baƙonsa cewa yana dukufa a kan wasiƙun nan ƙwarai, kuma haka ɗin ne. Shi ma baƙon abin da ya taɓa zuciyarsa ya faɗa. Mutum biyu suka yi wa juna gaskiya a kan abin da suke karantawa, Allah ya bi ta wannan ƙofa ya shiga. Ni ma littafi ne a kan teburina, baƙo ya gani ya tambaya. Bambancin kawai shi ne nawa na nunawa ne.

A nan ƙasarmu ma akwai abin koyi, kuma ba na jin nauyin in ce a wurin maƙwabtanmu Musulmi na gan shi. Ka je zauren malami a Gwandu ko Argungu, ka tambayi ɗalibin ilimi abin da yake karantawa. Ba zai ambaci littafi mafi girma don ya burge ka ba. Zai ce maka yana Ishmawi, ko Iziyya, ko Risala, zai kuma gaya maka babin da ya kai. Ba ya cewa ya sauke littafin da bai bi shi layi-layi a gaban malaminsa ba, domin ƙaryar ba za ta kwana ba. Haka jajis ɗin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sai da suka koyi waƙoƙinta a bakinta suka riƙe, sa'an nan suka kai wa matan ƙauyuka. Abin da ya zauna a cikinsu shi suka raba. Amsa ta gaskiya ga tambayarmu kashi biyu ce: sunan littafi, da inda ka kai a cikinsa. Da na ce wa yaron nan, "Shafi goma kawai na karanta, ban san abin da ke gaba ba," da ya shiga littafin da idonsa a buɗe.

Wani abu kuma ya sauya a zamaninmu wanda ya sa ƙaryar ta yi sauƙi. A dā karatu a fili ake yinsa. Mutumin Habasha na cikin Ayyukan Manzanni sura 8 yana karanta annabi Ishaya da murya a cikin karusarsa, shi ya sa Filibus ya ji, ya matso, ya tambaye shi ko yana ganewa. Shi kuwa, duk da girman muƙaminsa na ma'ajin sarauniya, bai ji kunyar cewa yana bukatar mai bayani ba. Kakanninmu da suka fara samun cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bayan an buga shi a 1932, mutum ɗaya ne yakan karanta a gindin fitila, gida duka yana ji. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun fitowarta a 1939, haka aka riƙa karanta ta a bakin kasuwa, wanda bai iya boko ba yana tsoma baki. Rediyo ma ta kowa ce, in tsoho ya kunna ta a zaure duk unguwa ta san tashar da ya kama. Yanzu kuwa kowa da wayarsa, da igiyarsa a kunne. Mata da miji suna kwance a ɗaki ɗaya, ba wanda ya san abin da ke shiga kunnen ɗan'uwansa. Abin da a dā ake ji ba tare da an tambaya ba, yau sai an tambaya, kuma sai abin da ka ga dama za ka faɗa.

Ga kuma turawa. Wa'azin sa'a guda ya shigo maka ta WhatsApp, ka saurari minti biyu, muryar ta yi maka daɗi, ka tura wa zumuntar mata ko ƙungiyar matasa da kalmar "albarka" a ƙasa. Wannan da abin da na yi ɗaya ne, sai dai ni mutum ɗaya na bai wa, kai kuwa mutum hamsin. Gwauruwar da za ta saurara har ƙarshe ba ta san mai wa'azin ba. Kai ta sani.

Na san za ka iya cewa: ashe mutum ba shi da sirri? Dole ne duk wanda ya tambaye ni in buɗe masa abin da ke cikin wayata? Ba dole ba ne. Akwai karatun da ke tsakaninka da Allah, kamar na mai makoki, ko na wanda ke kokawa da wata shakka da bai shirya furtawa ba. Kana da ikon cewa, "Bari sai na gama, ma yi magana." Shiru ba ƙarya ba ne. Abin da ba ka da iko a kansa shi ne ka ɓoye na gaskiya ka miƙa na bogi a madadinsa. Sai dai kuma ka tambayi kanka dalilin shirun. In abin da kake saurare da dare abu ne da ba za ka iya ambatar sunansa a gaban matarka ko dattawan ikkilisiya ba, to, matsalar ta wuce ta tambaya da amsa.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, ita ce ma na yi ta ba kaina a kan hanyar dawowa. Bulus ya gargaɗi Korintiyawa kada 'yancinsu ya zama sanadin tuntuɓe ga raunana. Ashe ba don in kāre bangaskiyar yaron ba ne na ɓoye masa cewa fastonsa ya yi sanyi wajen karatu? Na juya maganar nan ta kowace fuska, ba ta tsaya ba. Ba bangaskiyarsa nake kārewa ba, girmana nake kārewa. Da ya ji cewa Baba Fasto ma yakan gaji, yakan nemi labarin aku ya huta, iyakarta ya yi dariya, wataƙila ma ya ji sauƙin kawo mini tasa gajiyar. Tuntuɓen da na ji tsoro ƙarami ne, wanda na haƙa masa kuwa ya kusa raba shi da Ubangijinsa.

A ƙofar gidan nan na Gulma na gaya masa duka. Na ce, "Ɗana, ban karanta littafin nan ba, ƙarya na yi maka, ka gafarta mini." Ya daɗe yana dubana. Ban san ko ya fi jin zafin ƙaryar ko sauƙin sanin cewa hukuncin ba daga bakina ya fito ba. Na nuna masa da hannu gonakin da ruwa ya kwantar, na liman da na mai unguwa da nasa, ba wadda aka tsallake. Sa'an nan muka yi alkawari za mu karanta Littafin Ayuba tare, da murya, sura biyu kowace Laraba, ni in zo ko shi ya je. Surori 42 ne, sai da muka kai tsakiyar noman rani kafin mu sauke. A wajen jawaban abokan Ayuba yakan tsayar da ni ya ce ya san muryar nan, ya taɓa jin ta a wani littafi mai bango mai sheƙi.

Littafin kuwa na karɓo shi na karanta har bangon baya, domin in san abin da na ba da shaida a kansa. Ba duka ne mugu ba, akwai babi biyu a kan addu'a da na amfana da su, wannan ma ya sa ya fi haɗari.

Ranar da muka gama sura ta ƙarshe, muna zaune a bakin gonarsa, injin ban ruwa yana ta ƙara, shinkafar rani ta yi kore shar. Ya rufe Littafin, ya dube ni ta gefen ido, ya ce, "To, Baba, yanzu me ake saurare da dare?" Na ce masa har yanzu aku ne, na kai littafi na biyu. Ya miƙo wayarsa ya ce in tura masa na farko.