Darajar Alƙalami: A Jikinsa Take Ko a Rubutunsa?

Kowace shekara cikin watan Agusta, masu sha'awar tara alƙaluma sukan hallara a wani otal da ke gefen birnin Washinton na Amurka, su yi kwanaki suna baje koli. Tebura ne jere reras, kowanne cike da alƙalami mai shan tawada: ga Parker 51 da ya shiga kasuwa a 1941, ga Montblanc na Jamus, ga tsofaffin Waterman na kamfanin mutumin da ya yi rajistar ƙirarsa a 1884. Wani yana duba bakin alƙalami da madubin ƙara girma, wani ya kawo na kakansa a gyara masa. Ana irin wannan taro a Landan da Madrid da Tokiyo. A wajen masu wannan harka, tsohon alƙalamin da ba a taɓa ɗura wa tawada ba, wanda har yanzu yake cikin kwalinsa, yakan fi ɗan'uwansa da ya sha aiki tsada.

A Bacirawa, a arewacin Kano, lamarin ba haka yake ba. Idan kaka ta yi, gambar da ke kan iyakar gonaki ta bushe, almajiri zai zaɓi kara mai ƙwari, ya yanke shi kamar tsawon taƙi guda. Zai sa reza ya fiƙe shi a karkace, ya ɗan tsaga bakin don ya riƙe tawada, sannan ya tsoma a kurtu ya gwada a gefen allo. In layin ya yi kauri ya ƙara fiƙewa. Tawadar kuwa zuge ce, gawayi da ƙaro da ruwa. Ba a sayen wannan alƙalami da ko sisi, kuma ba ya daɗewa: yau a fiƙe, gobe a fiƙe, har ya gajarce ya gagari riƙo, a yanko wani. Rubutun da ya yi a allo ma ba zama yake yi ba. Da zarar yaro ya biya wa malam ya riƙe karatunsa, sai a ce ya je ya wanke, a ɗora masa na gaba.

To, a nan tambayar take. Alƙalami abu ne mai alfarma a wajen Musulmi. Akwai sura guda mai sunansa, ta 68 a jerin Alƙur'ani, wadda aka buɗe da rantsuwa da shi. Ayoyin farko da suka sauka a kogon Hira, na Suratul Alaƙ, sun ambaci koyarwa ta hanyarsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke nuna shi ne farkon abin da Allah ya halitta, aka umarce shi ya rubuta ƙaddara. In haka ne, wa ya fi girmama shi? Wanda ya adana shi cikin kwali ba ko ƙwarzane, ko wanda ya fiƙe shi har ya ƙare?

Duk wuraren nan uku da aka ambata, alƙalamin yana kan aiki ne. A Suratul Ƙalam an haɗa rantsuwa da shi da rantsuwa da abin da ake rubutawa. A Suratul Alaƙ koyarwa ake yi da shi. A hadisin kuma, ana halittarsa umarnin rubutu ya biyo. Babu inda aka yabe shi a ajiye.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Kano ma can ya dosa. A Muhtasar na Shehu Halilu an hana namiji amfani da abin da aka yi wa adon zinariya ko azurfa, sai 'yan abubuwa da aka toge, kamar Mushafi da takobi da zoben azurfa. Alƙalami ba ya cikin jerin. Ke nan an yarda a ƙawata rubutaccen Littafi da mafi tsadar ƙarfe, amma ba a ba abin da ya rubuta shi wannan dama ba. Alarammomin ƙasar nan haka suka fahimta tun fil azal. Wanda zai rubuta Alƙur'ani da ka, a riwayar Warshu, yakan yi watanni yana sunkuye, baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasula, rawaya ga hamza. In ya kammala sai a ɗinka wa takardun tadarishi da gafakar fata mai ado, a gaje su daga uba zuwa ɗa. Alƙaluman da suka ƙare a hanya ba wanda yake ƙirga su. Marigayi Sharu Bala Gabari na Kano ya shahara ne da kyawun hannunsa, har aka buga Alƙur'anan da ya rubuta suka bazu a kasuwanni, Kurmi da sauransu. Jama'a hannun nasa suka sani, ba su tambayi da wane kara ya yi ba.

Amma kuskure ne a yi saurin yanke wa masu baje kolin Washinton hukunci. Da yawansu marubuta ne da ke amfani da abin da suka saya kullum. Cikinsu akwai magyara da suka san yadda ake sake wa alƙalamin shekara tamanin robar cikinsa, da masu wasa bakin alƙalami ya dace da hannun mai shi. Tun da László Bíró ya yi rajistar ƙirarsa a 1938, kamfanin Bic kuma ya cika duniya da biro mai arha daga 1950, sana'ar alƙalami mai shan tawada ta kusa mutuwa. Irin waɗannan taruka na cikin abin da ya riƙe iliminta. Kuma son kayan rubutu mai kyau ba baƙo ba ne a Musulunci. Alƙali Nu'umanu ya ba da labarin cewa a ƙarni na 10 halifan Faɗimiyya, Mu'izzu, ya sa an ƙera masa alƙalamin da ke ɗauke da tawadarsa a ciki, ba ya ɓata hannu ko tufa. Abin da addini ya ƙi shi ne almubazzaranci da alfahari, mutum ya tara don a ce ya tara. Wanda ya adana don sana'a ta rayu, niyyarsa daban ce.

Ta wannan fuska, mutanen Kano ne suke da abin koyo. Rubutun hannu na ƙasar nan ya taɓa zama haja mai ƙetare Sahara: Turawan da suka ziyarci Barno a shekarun 1820 sun rubuta cewa ana kai Alƙur'anan da aka rubuta a can har Arewacin Afirka da Masar a sayar da tsada. Takardar kuma daga Italiya take zuwa ta Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku. Littattafan da aka yi da ita wasu sun samu mafaka a Arewa House da ke Kaduna da cibiyar Waziri Junaidu ta Sakkwato, wasu suna cikin adaka a ɗakunan ƙauye, gara da ɗigar damina suna cin su. Abin da ya fi su saurin ɓacewa shi ne sanin da ke hannun dattawa: wace gamba ce ba ta tsagewa, yaya ake haɗa tawadar bagaruwa da ba ta kodewa a takarda, yaya fiƙar rubutun allo ta bambanta da ta zayyana. Ba a rubuta wannan a littafi ba, ana koyonsa ne a gaban malam, kuma duk sa'ad da wani alaramma ya rasu a Bacirawa ko maƙwabtanta, yakan tafi da wani abu daga ciki.

Hanyar gyara ba ta da nisa. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato take shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, ana tankaɗe da rairaya daga ƙananan hukumomi zuwa jihohi. A kowane mataki ana iya kafa rumfa guda ta marubuta, a gayyato masu fiƙe alƙalami da masu haɗa tawada da masu zayyana da dukawa masu ɗinkin gafaka, su zauna su yi aikinsu a gaban jama'a. Yaran firamare da na Islamiyya su tsoma kara a kurtu da hannunsu, a ɗauki bayanin dattawan a waya, a kuma sa wa mafi kyawun rubutu kyauta kamar yadda ake sa wa mafi kyawun karatu.