Ɗan Haya: Baƙo Ne Ko Maƙwabci?

Duk wanda ya nemi ɗaki a cikin birni, ko a Ƙofar Mazugal inda nake zaune ko a wata unguwa, ya san tambayar da akan fara jefa masa tun ba a yi zancen kuɗi ba: "Malam, kana da iyali?" In ya ce a'a, sai a ce masa an riga an kama ɗakin. In kuwa aka karɓe shi, ya biya kuɗin shekara a dunƙule, ya sallami dillali da la'adarsa, to, daga ranar sunansa ya ɓace, ya zama "ɗan hayan gidan wane". Abin da nake so mu duba shi ne matsayin wannan mutum. Baƙo ne da za a girmama, ko maƙwabci ne mai haƙƙi, ko kuwa abokin ciniki kurum wanda ba a binsa kome sai kuɗi?

Sauke baƙo ba sabon abu ba ne a Kano. Sunayen unguwanni ma sun isa shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi. Tun da aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) fatake ke ta kwararowa. Amma a lura da yadda ake saukarsu. Falke yakan sauka wurin fatoma, watau mai masauki, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, sa'an nan ya sami rabonsa daga la'adar cinikin. Muhimmin abu a nan shi ne fatoma yakan tsaya wa baƙonsa. In an ci amanarsa shi zai bi kadi, in shi ya yi laifi fatoma za a nema. Lalle akwai kuɗi a tsakani, amma akwai lamuni. Da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso, aka keɓe Sabon Gari a bayan ganuwa, sai aka sami wani irin zama inda mutum yakan sayi kwana da kuɗinsa, ba mai tsaya masa. Sannu a hankali wannan zama ya ƙetaro ganuwa, balle bayan Kano ta zama hedkwatar jiha a 1967, ma'aikata da ɗalibai suka yawaita.

Ba na cikin masu cewa karɓar kuɗin haya rashin mutunci ne. Haya halal ce, malaman fiƙihu sun yi mata babi. Sau da yawa ma gidan gado ne, an raba shi ɗaki-ɗaki, wata tsohuwa da marayu da kuɗin shagon ƙofar gida suke cin tuwo. Haka kuma mai gidan da ya ƙi tuzuru yana da hujja. Ginin birni ginin kunya ne: zaure ɗaya, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya, ga mata a tsakar gida. Wanda ya ƙi shigar da namiji baƙo cikin wannan bai yi zalunci ba, ko da yake mu ɗalibai mu ne muka fi shan wuyar abin.

Inda nake ganin an kauce shi ne bayan an karɓi kuɗin. Mai gida yana ganin ya sayar da ɗaki, ba ruwansa da abin da ke cikinsa. Mutanen unguwa suna cewa baƙo raɓa ne, gobe zai tashi, don me za a saba da shi? Shi kuma ɗan haya, kada mu wanke shi, yakan ce ai ya biya, saboda haka ba shi yasar kwata, ba shi zuwa gaisuwar mutuwa, ba shi sanin ƙofar mai unguwa sai ranar da aka yi masa sata. Kowa ya fake da rasit.

Alhali kuwa aya ta 36 a Suratun Nisa'i, da ta yi umurni da kyautata wa maƙwabci, ta haɗa na kusa da na nesa, har da matafiyi, ba ta kuwa tambayi wanda ke riƙe da takardar gida ba. Abin da ke sa maƙwabtaka shi ne katanga ɗaya, da hayaƙin murhun wani da ke shiga ɗakin wani. Kuɗin haya ya biya ɗaki, bai biya wannan ba, bai kuma ɗauke shi daga kan kowa ba.

Wani zai ce ai raɓa ba ta daɗewa. To, amma akwai magidanta a wannan unguwa da suka shekara ashirin a haya, suka haifi 'ya'ya har suka aurar, ana kuma ce musu 'yan haya. Ran Babbar Salla yaro yakan tsallake ƙofarsu da kwanon nama ya kai gidan gaba. In kuwa ɗayansu ya cika cikin dare, danginsa suna Gumel ko Ɗambatta, waɗannan mutanen da ba su riƙe sunansa ba su ne za su yi masa wanka, su sallace shi a ƙofar gidan, su ɗauki makara.