Kayan Salla: Nasiha Ga Samarin Musulmi

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa saurayi, da zarar azumi ya kai ashirin sai ka ga Kantin Kwari a Kano ba masaka tsinke. A goman ƙarshe, lokacin da ake neman daren Lailatul Ƙadari, wani yana masallaci yana kuka, wani kuwa yana shagon tela yana gadin ɗinki har asuba. To, kai a ina kake kwana?

Ka sani Musulunci bai hana ado ba. A Suratul A'arafi, aya ta 31, Allah Ya umurce mu da yin ado idan za mu masallaci, a aya ta 32 kuma Ya yi inkari ga mai haramta shi. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa wani ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da mutumin da yake son rigarsa da takalminsa su yi kyau. Sai ya bayyana masa wannan ba girman kai ba ne. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka ka sa mafi kyawun abin da kake da shi ranar Idi. Amma ka auna shi da ma'auni uku.

Na farko, ina ka samo kuɗin? Saurayi ba ya da sana'ar kirki, amma ya rantse sai shadda Getzner, wadda ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, da hula zanna da takalmi sabo fil. Ya ci bashi, ko ya matsa wa tsohuwarsa ta sayar da akuyarta. Zanen aro ba ya rufe katara. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, ana bin mamacin dinari 3, Annabi (S.A.W.) bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Kai kuma don kwalliyar yini ɗaya kake ɗaura wa wuyanka wannan igiya? Kuma a Suratul Isra'i, aya ta 27, an haɗa almubazzarai da shaiɗanu a 'yan'uwantaka.

Na biyu, yaya siffar tufar take? Al'aurar namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa. Wandon da ya zazzago har in ka yi sujada na bayanka ya runtse ido, wannan ba wayewa ba ce. Wanda yake jan ƙasa, ya wuce idon sawu, an yi masa narko da wuta a cikin Buhari. Alharini da zinariya haramun ne ga maza. Askin da ake aske wani sashe na kai a bar wani, wato ƙaza'u, an hana shi a hadisin Ibnu Umar. Fari kuwa Annabi (S.A.W.) ya yabe shi ga mai rai da mamaci.

Na uku, me ke cikin zuciyarka? Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya sa tufa don neman suna, Allah zai tufatar da shi rigar wulaƙanci ranar Alƙiyama. Yayi ubangida ne wanda ba ya ƙoshi. Bana wannan aikin wuya ake yi, baɗi an canza, rigar da ko wanki uku ba ta sha ba ta zama tsohon yayi. Ga ankon abokai, wanda bai samu ba ya ɓuya a ɗaki ranar farin cikin Musulmi. Wa ya ɗora mana wannan?

Ka tuna Mus'abu ɗan Umairu, Allah Ya yarda da shi. A samarin Makka babu wanda ya kai shi sutura da ƙanshi. Da ya musulunta duk ya rasa wannan. Shi aka aika Madina ya koyar da Alƙur'ani, ya yi shahada a Uhudu shekara ta 3 bayan Hijira. Mayafinsa ɗaya: in an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Aka rufe kan, aka sa ciyawa a ƙafafun. Bayan shekaru, an kawo wa Abdurrahmani ɗan Aufu abincin buɗa-baki, ya tuna shi, ya yi ta kuka har ya bar abincin.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka fara fitar da zakkar fid da kai, mudunnabi 4, kafin ka je kasuwa. Ka sayi daidai ƙarfinka, ka kai ɗinki tun kafin azumi ya yi nisa, ka biya tela haƙƙinsa. In babu sabuwa, ka wanke ta bara ka goge, ka sa turare, ka fita kana kabbara. In Allah Ya hore maka biyu, akwai maraya a unguwarku.

Allah Ya suturce mu da tsoronSa, Ya tsare mu daga bashi da riya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.